Shawarwarin da aka bayar a zamanmu na Hausawan Damazin, ƙasar Sudan

Jama'a ga taƙaitaccen abin da aka tattauna bayan la'asar, saboda waɗanda ba su samu zuwa ba.

Dattawa sun fi daɗewa kan rikicin Yulin 2022 na jihar Blue Nile, wanda ya taso tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun yankin daga maganar sarauta da filaye ya ci rayuka a Rusairis da nan Damazin, ya sake ɓarkewa a Wad al-Mahi a Oktoba. Wani baffanmu ya ce wallahi kafin a ɗauki makami sai da aka cika Facebook da WhatsApp da kalaman ƙiyayya, ana ce mana baƙi ba 'yan ƙasa ba alhali kakanninmu sun zauna garin Mai Wurno na nan Sudan tun bayan yaƙin Burmi na 1903 da aka yi da Turawa a Najeriya, wasu yaranmu kuma suka rama da zagi wuta ta ƙara ruruwa. Shawararsa, duk odiyon da ba ka san wanda ya naɗa ba kar ka tura shi gaba, ko da ya yi maka daɗi.

Kan judiyya, wato sulhun gargajiya, kuwa an ce in ajawid, dattawan masu shiga tsakani, sun zauna mu faɗi ɓarnar da namu suka yi, ba ta wasu kaɗai ba, don sulhun da aka binne gaskiya a ciki ba ya kai damina biyu. Ni dai nan ne ya fi taɓa ni.

Iyayenmu mata sun nemi a riƙa kiransu zama, su ke haɗuwa da matan maƙwabta kullum a kasuwa da bakin famfo. Matasa kuma suka ce a riƙa bayani da Larabci ma a taro, maƙwabta su ji daga bakinmu.