Tsohon keken ɗinki ya wuce ni, in bi wadda ta saya ko in haƙura?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah ku ba ni shawara, abin nan ya hana ni sukuni. Ina koyon ɗinki, hannuna ya fara faɗawa, amma ba ni da keke nawa, sai mai koya mini ta tashi daga nata nake samun zama. Akwai wata dattijuwa da muke mutunci da 'yarta, za ta koma wurin ɗanta da zama, idonta ya yi rauni, tun rasuwar mijinta ba ta ƙara zura allura ba, ga ciwon gwiwa, ɗakin da za ta koma kuma ba fili. Shi ne 'yar ta ce in zo in ga kekenta. Singer ne baƙi na ƙafa, da teburinsa, zanen ruwan gwal ɗin jikinsa duk ya koɗe. Na juya shi da hannu, sumul, ko ƙara babu. Abin da suka sa masa ko kusa da kuɗin sabo bai kai ba. Na ce su ɗan ba ni lokaci. Da na koma, wai wata ta biya ta ɗauka. Yanzu na ji wadda ta saya ko ɗinkin ba ta yi, yana ajiye an lulluɓe shi. In je in roƙe ta ta sayar mini ko da riba, ko in tara in sayi sabo? Duk keken da na gani yanzu sai in ji bai yi mini ba.

Mai gyaran keke: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, kin duba lambar da aka buga a gadonsa, wato shimfiɗaɗɗen ƙarfen da yadi ke bi ta kai, ta hannun dama? Da ita ake gane shekarar da aka ƙera shi. Yadda kika kwatanta, ina zaton samfurin 15K ne, na masana'antar Singer da ke Sikotland, wadda aka rufe tun 1980. Cikinsa ƙarfe ne zalla. Ƙananan kekunan lantarki na gida da ake yi yanzu, da yawansu haƙoran cikinsu roba ne, da kin matsa musu da yadi mai kauri sai su tsage. Ki bi matar nan yau, kada ki kai gobe.

Maman biyu: 'Yar'uwa, kada ki je. Da kin nuna kina so za ta ninka miki kuɗi. Ni na daina sayen kayan hannu tun da maƙwabciyata ta sayar mini da firji, tana rantsuwa lafiyarsa ƙalau. Ko wata bai rufa ba ya daina sanyi. Da na yi magana ta ce wutar gidana ce ta ƙona shi. Har yau ba ma gaisawa, yaranmu ma an raba su wasa.

Mai gyaran keke: Hajiya, firji daban, keke daban. Firji in injinsa ya mutu an gama. Wannan ba abin da zai mutu a jikinsa.

Tela mai shago: Tambaya biyu. Da kika ce su ba ki lokaci, kin ajiye kafin alƙalami? Kuma me ya tsayar da ke, kuɗin ne ba su cika ba?

Mai tambaya: Yaya, kuɗin suna hannuna a ranar. Amma babu bel a jikinsa, gidan kwarkwaron ya yi tsatsa, ban ga ya yi ɗinki ko layi ɗaya ba. Wa zai biya kuɗin keken da bai ga ɗinkinsa ba? Kuma ban ga dalilin kafin alƙalami tsakanina da mutanen da muka saba ba. Ai ya kamata su kira ni kafin su sallama wa wata.

Tela mai shago: To ni na ga kin yi daidai da kika tsaya. Akwai na kwaikwayo da yawa da ake manna wa sunan Singer. In kuma ƙugiyar da ke kama zare ta ci, zai riƙa tsallake ɗinki yana tsinka zare, ki ƙare a hanyar mai gyara. Ki sayi sabon keke ƙirar Butterfly, hankalinki kwance.

Mai gyaran keke: Malam, shi Butterfly ɗin ai tsarin wancan aka kwaikwaya, shi ya sa kwarkwaronsu da allurarsu suke shiga juna. Bel da gidan kwarkwaro kayan canji ne, ko'ina ana samu. Tsatsar sama kuwa kananzir da man keke sun ishe ta. Keken da ya juya sumul bayan shekaru a ajiye lafiyayye ne, na ƙi wanda zai ce mini ba haka ba.

Wata 'yar'uwa: Ni abin da ya fi ba ni haushi masu saye su ajiye. Haka matar wana ta yi mini da injin saƙa, sai da ta ji ina so ta riga ni, ga shi can ƙura ta rufe shi. Ki haƙura kawai, rabon kwaɗo ba ya hawa sama.

Mai tambaya: Na gode, amma ni ban yarda ba rabona ba ne, ni aka fara kira. Kuma ko yau aka maimaita, ba zan biya ban gwada ba. Baba mai gyara, in na samu wanda zai ɗauko mini hoton lambar, za ka iya gane ko na asali ne?

Mai gyaran keke: Turo, da hoton ƙarƙashin kan keken ma. Amma ki je da kanki.

Maman biyu: Kada ki je da kanki. In ma dole ne, ki tura wadda ba ta sani ba ta taya.

Mai tambaya: Matsalar ita ce 'yar dattijuwar ce kaɗai ta san gidan matar, ita kuma tun da na nuna mata ɓacin raina ba ta ɗaga wayata ba. Akwai wata hanyar?