Murya tana riga baki a bidiyon tallata

Assalamu alaikum jama'a. Ina haɗa bidiyon tallata darussan da nake sayarwa ta intanet. Da waya nake ɗaukar hoto, murya kuma da makirufo a kwamfuta, don wayar tana kwaso hayaniya. Farko komai daidai yake, amma ana kaiwa minti 4 sai murya ta riga baki da kusan daƙiƙa ɗaya. Na tafa hannu don daidaita farkon, na mayar da sautin 48 kHz (ma'aunin sau nawa ake ɗaukar sauti a kowace daƙiƙa), na sake ɗauka sau uku, ba canji. Yanka-yankan muryar don ta dace da baki kuwa ya ishe ni, ana jin wurin haɗin. Ina zargin wayar ba ta riƙe adadin hotuna iri ɗaya a kowace daƙiƙa. Yaya zan daidaita wannan kafin in haɗa hoton da muryar?