Équité: wace kalma za mu ba ta a Hausa?

Mushen Filo, Zariya:
Assalamu alaikum. Ina koyar da falsafa a ajin tarminal, wato ajin ƙarshe na sakandare, kuma tun da kundin mulkin Nijar na watan Maris 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, yara ba sa barina in wuce kalma ban ba su Hausarta ba. Justice ba gardama, adalci ce. Égalité kuma daidaito. Wadda ta gagare ni ita ce équité. John Rawls, malamin jami'ar Harvard a Amurka, ya gina littafinsa na 1971 kan magana guda, wadda Faransawa suka fassara da "la justice comme équité". In na ce équité ma adalci ce, sai maganar ta koma "adalci shi ne adalci", aji ya fashe da dariya. Ku taimaka.

Ɗan Gulbi:
Mushe, raba daidai mana. Me ya yi zafi?

Hajiyar Bagalam:
A'a ƙanena, raba daidai ai ita ce égalité ɗin da ya riga ya ajiye gefe. Ka tuna yunwar 2005. Da farko hatsi aka riƙa sayarwa da rahusa, farashi guda ga kowa. Daidaito ke nan, ba wanda aka fifita. To amma wanda ya sayar da akuyarsa ta ƙarshe tun bazara, ko tiya ta koma dala goma, ina zai samo su? Mai ɗan hali ya saya, wanda aka yi abin dominsa ya koma gida hannu rabbana. Sai daga baya aka koma rabon kyauta. Tsakanin na farko da na biyu, nan kalmarka take, Mushe. Ni da zan sa mata suna, adalcin gwargwado zan ce: a dubi halin kowa kafin a auna masa.

Malamin Limanci:
Larabci yana da ita: insafi. Asalinta ɗaya da nisfi, wato rabi, ma'anarta ka ba mutum daga kanka irin abin da kake neman ya ba ka. Fiƙihunmu ma ya san cewa bin harafin hukunci wani lokaci yana ɓata manufarsa. Sayyidina Umar ya dakatar da haddin sata a shekarar yunwa. Tunda adalci kanta daga Larabci muka aro ta, a aro ƴar uwarta.

Mushen Filo, Zariya:
Allah gafarta Malam, ma'anar ta zauna ɗas. Tsorona ɗaya: in na ce insafi a Babbar Kasuwa, mutum nawa za su gane? Adalci ta daɗe a bakinmu har ta haifi adali da adalai. Insafi har yanzu tana zaure wajen almajirai. Zan ba yara ita a matsayin kalmar malamai.

Hajiya, taki ta fi kama ni, sai dai na san tambayar da za a jefo mini: gwargwadon me? Buƙata? Wahalar da mutum ya sha? Abin da ya zuba?

Hajiyar Bagalam:
To su tambaya mana. Ba aikinka ke nan ba?

Mushen Filo, Zariya:
Kin gama da ni. Gaskiya ma Aristote, masanin falsafar Girka, ya faɗi haka tun kafin haihuwar Annabi Isa da shekara ɗari uku da wani abu: kowa ya yarda a raba gwargwadon cancanta, rigimar tana kan mece ce cancantar. Masu mulkin jama'a su ce ɗiyauci, masu mulkin attajirai su ce dukiya ko asali, wasu su ce nagarta. Ashe kalmarki ta bar ƙofar a buɗe daidai inda masana suka bar ta. Kuma ta hau kan abin da muka sani a nan: dokar kason mata ta 2000, da ta fara da kashi 10 cikin ɗari na kujerun zaɓe, aka kai shi 25 a 2019, da kujerar musamman da aka ware wa Bermo a majalisar dokoki ta da, don kada yawan manoma ya shanye muryar makiyaya. Ba ɗayansu da yake daidaito, an karkata ma'auni ne da gangan.

Amma wajen Rawls ba ta isa ba. Shi cewa ya yi: a tara mutane su tsara dokokin zamansu, amma kowa a bayan wani labule, bai san ko zai fito ɗan sarki ko ɗan talaka ba, mace ko namiji, mai lafiya ko gurgu. Dokar da suka yarda da ita a haka, ita ce ta adalci. Ba a auna kowa ba tukuna, balle a yi maganar gwargwado.

Tsohon Mahauci, Mokoyo:
Yaro, wannan ai watanda ce. Yadda muka taso muka gani, in an haɗa kuɗi an yanka sa, mai kasa nama yana kasawa bai san kashin da zai faɗo masa ba. In an gama, a sa yaro ya juya baya, a ɗora hannu kan kashi a ce na wane ne, ya ambaci suna. Shi ya sa za ka ga mai kasawa yana ɗauke tsoka nan yana ƙara can, yana raba hanta kamar mai aikin zinariya. Ba tsoron Allah kaɗai ke sa shi ba, tsoron kada ƙaramin kashi ya zama nasa ne. Baturen naka bai taɓa cin naman watanda ba, da bai wahalar da kansa da littafi ba.

Mushen Filo, Zariya:
Baba, Allah ya ƙara girma. Shi ma ya kawo misalin mai yanka gato wanda zai ɗauki yankin ƙarshe, amma naka ya fi nasa, domin a naka ba wanda ya zaɓa. To labulen fa? Faransanci ya ce voile d'ignorance. In ce juya baya, ko rufe ido?

Hajiyar Bagalam:
Kul. Juya wa mutum baya yasar da shi ne, rufa-ido kuma aikin ƴan damfara. Ka bar shi labulen rashin sani. Ban da labulen jahilci, don Allah, na taɓa jin wani ya faɗa a rediyo.

Alhajin Sabon Gari:
Ina ta saurare. Baba, da girmanka, a watanda kowa kuɗi ɗaya ya zuba. Ƙasa ba haka take ba. Wanda ya fara da tallan goro, ya yi shekaru yana bin hanyar Jibiya da Kano har ya sayi tirela, dukiyarsa ba san tarayya ba ce da za a kasa. In ya samu ta halal, ya fid da zakka, wa ya zalunta?

Mushen Filo, Zariya:
Alhaji, ka faɗi abin da Robert Nozick, abokin aikin Rawls a Harvard, ya mayar masa a 1974: dukiya ba daga sama take faɗowa ba, tana zuwa da mai ita. Rawls kuma bai ce a ƙwace tirelarka ba. Ya yarda wani ya fi wani, da sharaɗin fifikon ya amfani na can ƙasa, kuma hanyar hawa ta zama a buɗe ga kowa. Inda nake tare da shi, ba ka zaɓi gidan da aka haife ka ba, yaron da aka haifa a rugar Dakoro nesa da lakwal ma bai zaɓa ba.

Ga abin da zan ba yara: équité, adalcin gwargwado, malamai kuma suna cewa insafi. Ta Rawls, adalcin watanda. Équitable kuma ba na son in ƙirƙiro mata siffa, "rabon da aka yi bisa gwargwado" ya wadatar.

Alhajin Sabon Gari:
Gwargwado na yarda. Watanda kuwa, ka gaya musu akwai wanda bai sa hannu ba.

Malamin Limanci:
Ni ma insafi za ku ci gaba da ji a bakina. Mushe, mako mai zuwa a kawo laïcité, batun raba addini da gwamnati, wannan ce za ta hana mu barci.