Dan Allah a taimaka, bil ɗin wutar gidan mahaifiyata ya fi ƙarfinmu

Salamu alaikum ƴan uwa, shawara nake nema dan Allah. Mahaifiyata bazawara ce, ɗaki biyu take haya, ƙwan fitila uku ne da fanka ɗaya sai cajin waya, ko firij babu, amma duk wata bil ɗin ƙiyasi ake kawo mata mai nauyi tunda babu mita, ga kuma bashin wanda ya zauna a gidan kafin ita an ɗora mata, yanzu sun zo da tsani sun ce za su yanke.

Na kai ƙorafi ofishin kamfanin, kullum sai a ce in dawo. Na san NERC, hukumar da ke kula da harkar wutar lantarki a Najeriya, ta sa iyaka kan bil ɗin ƙiyasi tun 2020, kuma akwai tsarin talakawa masu shan ƙasa da yunit 50 a wata, naira 4 kowane yunit. To yaya ake shiga wannan tsarin in mutum bai da mita? Bashin wani kuma dole ita za ta biya, ko mai gida? In zan kai ƙara ofishin sauraron koke na NERC, waɗanne takardu zan riƙe? Wallahi abin ya hana ta barci.