Kaya iri ɗaya, kuɗin fito daban: ina matsalar take?

Mai Shadda, Tsohuwar Kasuwa, Sakkwato:
Assalamu alaikum. 'Yan kasuwa biyu kan shigo da yadi iri ɗaya, ɗaya ta Legas, ɗaya ta Illela, amma kuɗin fiton ya bambanta. Me ke jawo haka? Da a ce kowane fanni na da jami'an kwastam da suka ƙware a kansa, zai yi magani?

Ejan Fito:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Abu uku ke yanke kuɗin: lambar kaya (lambar da kwastam ke ba kowane nau'in kaya a jadawalin fito), ƙima, da ƙasar da aka yi kayan. Jadawalin ECOWAS hawa biyar ne: kashi 0, 5, 10, 20 da 35. Kason ana ɗora shi kan kuɗin kaya haɗe da na jigila da inshora, sannan harajin VAT na kashi 7.5 ya hau.

A yadi, lamba ce ke ba da wahala. Idan audugarsa ta kai kashi 85 kuma nauyinsa bai wuce giram 200 a murabba'in mita ba, lambarsa 5208 ce. Ya fi haka nauyi, 5209. Auduga ta gaza 85, an gauraya ta da poliyesta, ya koma 5210 ko 5211. Ido ba ya raba waɗannan, sai an yanki ƙyalle an auna. Rasit mai cewa "yadi" kawai shi ke sa a riƙe kaya a sake ƙima, kuɗin ajiya na ta hawa.

Malamin Haraji:
Ware wa kowane fanni ƙwararrun jami'ansa zai taimaka ƙwarai, ranka ya daɗe. Kwastam ɗin Amurka na da cibiyoyi 10, kowacce da fanninta: motoci a Ditroit, magunguna a Niyok, man fetur a Hustan. Kamfani na da cibiya ɗaya mai duba takardunsa, ko ta wace tasha kayan suka shigo, don haka hukuncin ba ya sauyawa. Mu ma a Najeriya tun 2024 akwai tsarin neman hukunci a rubuce kan lambar kaya kafin a yi oda. A ganina 'yan kasuwarmu ba su cin moriyarsa yadda ya kamata.

Ejan Fito:
Haka ne, Malam. Kafin a loda, Alhaji, ka sa masaƙa ta rubuta kason auduga da nauyi a rasit. Bayanin ya zo daidai da na Form M (takardar rajistar shigo da kaya da ake cikewa ta banki) da PAAR (rahoton ƙimar da kwastam ke fitarwa kafin kaya su iso), kalma da kalma.