Ina biyan bashin karatu amma ba ya raguwa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu masaniya kan bashin karatu ku warware min wannan.

Na gama jami'a, wa'adin sassaucin da ake bayarwa kafin a fara biya ya ƙare, duk wata ana cirewa daga albashina. Amma in na duba bayanin asusun, bashin yana nan daram, wani watan har ya ɗan hau.

Ga fahimtata. A ce bashin 10,000 ne, ruwa kashi 6 cikin ɗari a shekara: 600 ke nan, wato 50 duk wata. In na biya 60, ruwan ne ke fara cinye 50, goma kacal ke taɓa uwar kuɗin. Haka ne?

Inda na maƙale shi ne ruwan da ya taru tun ina makaranta. An haɗe shi da uwar kuɗin ne, shi ma yana haifar nasa?

Sannan in na ƙara wani abu a kan abin da ake cirewa, uwar kuɗin zai rage kai tsaye, ko sai na rubuta wa waɗanda suka ba ni bashin? A wasu tsare-tsaren ana yafe ragowar bashin bayan wasu shekaru, ina tsoron ƙarin ya zama asara.