Wace Hausa za mu ba "fluency"?

Malamai masu koyar da Turanci a sakandare, ku zo mu daddale wannan kalma, wato magana ta riƙa fita a jere ba tsaye-tsaye. Ta daɗe tana yawo a bakinmu ba mu sama mata Hausa ba.

Da yawa "ƙwarewa" suke cewa, amma ta yi faɗi. Akwai ɗalibin da ya ƙware a nahawu, yake cinye jarrabawar rubutu, amma ka tsayar da shi gaban aji sai ya yi ta lalubo kalma yana inda-inda. Ƙwarewa kam yana da ita. Abin da muke nema ne babu.

"Zalaƙa" ta masu huɗuba ce da mawaƙa, ta fi ƙarfin ɗan aji. "Fasaha" kuwa, a Hausar yau kimiyya ta riga ta aure ta.

Ni "sakewar harshe" na zaɓa. Ku duba IELTS, jarrabawar gwada iya Turanci ta ƙasa da ƙasa: a ɓangaren magana ma'auni huɗu ne. Furuci da makinsa, nahawu da nasa, yawan kalmomi da nasa, sannan wannan abu namu, haɗe da tsaruwar zance. Ke nan muna buƙatar kalmar da ba za ta haɗiye sauran ukun ba. Yaro zai iya cewa "fen" maimakon "pen", ya karya nahawu, amma maganarsa na tafiya ba gargada. Harshensa ya sake, gyara ne ya rage.

Kalmar ta kuma dace da yadda ake horar da abin. Akwai atisayen 4/3/2 da masani Paul Nation ya yi nazari a kai: ɗalibi ya ba abokinsa labari cikin minti 4, ya sauya aboki ya maimaita cikin minti 3, sannan cikin minti 2. Ba a ƙara masa sabuwar kalma, malami kuma ba ya katse shi da gyara. Abin da ya riga ya sani ne ake so ya riƙa fita da sauƙi.

Wani zai ce ta yi kusa da "sakin baki". A'a, sakin baki aibi ne, na mai faɗin duk abin da ya zo masa. Ga ta kuma da daɗin juyawa: "harshenta ya fara sakewa", "shi har yanzu da gargada". A takardar maki ma sai a ja layi huɗu: furuci, daidaiton nahawu, yawan kalmomi, sakewar harshe. Mai wadda ta fi ta gajarta, bismilla.